Ta Arba'in da Uku a Jeri

Uiseong, 11 ga Maris

Narae-ya,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon da ya haife ki. Ina fatan kina lafiya, kina kuma cin abinci a zaune kamar mutum. Nan sanyi ya fara sakin ƙasa, tafarnuwa ta ɗago kai. Gwiwata ta hagu ce kawai ba ta ji labarin canjin yanayi ba.

Kin san kunnena ba ya shiri da waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Labari ya iso ni ta bakin Imonki Sun-deok, yayar mahaifiyarki, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba. Ta ce kamfaninku na gina sabuwar manhaja a intanet, mai tuna wa iyalai ranar jesa ta mamatansu, don kada ranar shimfiɗa musu teburin abinci ta wuce 'ya'ya suna ofis. Ta ce an ɗora ki a kan gwajinta, ke ce za ki ce ta nuna ko da saura, kuma a Ranar Iyaye za a sake ta, takwas ga Mayu. Na ce mata ai na sani tuntuni. Ƙarya na yi. Tana tafiya na sa rigar kirki na fita kasuwa, ba abin da zan saya, don dai in samu wanda zan gaya wa.

Shekara talatin da ɗaya na yi a garin Gumi ina gwada na'urorin haɗa layin tarho. Kayan aikina littafi ne, da yatsa, da hatimi biyu, shuɗi na "ya wuce" da ja na "ya faɗi". Injiniyoyi in sun hango ni a farfajiya sai su tuna sun manta wani abu a mota. Yanzu ga shi an ce 'yata ta gaji wannan baƙin jinin. Imonki ta ce wai naku gwajin shi ke gudanar da kansa, na'ura ke gwada na'ura. To wa ke gaya wa ta farkon amsar da ta dace? Ki yi mini bayani a hankali, kamar kina koya wa tsoho.

Na haɗo miki da abu. Na kwafo mamatan gidanmu daga littafin zuri'a, mutum arba'in da uku, kowa da ranar rasuwarsa a kalandar wata. A gefe na rubuta ranar da jesarsa za ta faɗa bana a kalandar rana, da hannuna na lissafa. Ki ba na'urarki su, mu ga ko ta san dangi.

Maganar rashin zuwanki jesar mahaifiyarki bara na ajiye ta, ba ita ta kawo wannan takarda ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Pyo Man-sik

*

Pangyo, 24 ga Maris

Appa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ina cin abinci a zaune, sau ɗaya dai a rana.

Na so in gaya maka da kaina bayan komai ya tsaya da ƙafarsa. Imo ta riga ni.

Ga yadda abin yake. Muna rubuta tambayoyi tare da amsoshinsu mu ajiye. Misali, wanda ya rasu ran tara ga wata na biyu, yaushe jesarsa bana? Amsar kaza ce. Duk lokacin da wani cikinmu ya taɓa manhajar, ko da harafi ɗaya ya canza, sai babbar kwamfuta ta tashi da kanta ta yi wa manhajar duk tambayoyin, ta buɗe shafin, ta cika guraben, ta danna maɓallan kamar mutum. In duk amsoshi sun dace, fitila ta yi kore, aikin ya shiga. In ɗaya ta kuskure, fitila ta yi ja, ƙofa ta kulle, babu abin da zai fita zuwa ga jama'a. Hatiminka biyu ne, Appa, sai dai waɗannan ba sa zuwa cin abincin rana. Amsar da ta dace kuwa mu ne ke gaya mata, don haka tambayarka tana nan daram.

Shugaba Byeon, mai kula da aikin gaba ɗaya, da ƙyar ya ba ni mako uku na kafa wannan. Cewa ya yi, "Shugabar rukuni Pyo, ni gida na ce a gina mini, ke kuma kina ta sassaƙa ma'auni." Na ce masa ma'aunin ne zai hana katanga faɗo masa a ka. Bai yi dariya ba. Tak, babban mai rubuta manhajar, yana kirana 'yar sandan hanya. In na wuce sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ban sha komai ba, ranki ya daɗe." Amma shekaranjiya fitilar ta kama shi ya juya wata na goma da na sha ɗaya, ya sayo mini kofi.

Yanzu tambayoyinmu sun haura ɗari shida, minti tara suke ɗauka. Na shigar da jerinka. Arba'in da biyu kore, duk sun dace da lissafin hannunka. Tak ya ce wane ne wannan tsohon, a ɗauke shi aiki.

Ka kula da kanka.
'Yarka, Narae

*

Uiseong, 1 ga Afrilu

Narae-ya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na huɗun kuma na karanta wa mai gyaran babur da ƙarfi, ko bai tambaya ba. Ki gaya wa Tak na gode, amma albashina ya fi ƙarfinsu, tafarnuwa nake karɓa.

Abin ya burge ni ƙwarai. Abin da nake kwana goma ina yi da yatsa, ke kin sa ana yi kafin shayi ya huce, kuma ba ya gajiya, ba ya jin kunyar manya. Wannan na ƙarshen shi ne babba.

Sai dai tsohon mai gwaji ba ya karanta takarda ba tare da ya ƙirga ba. Na aiko miki mutum arba'in da uku. Kin ce arba'in da biyu kore. Ba ki ce ɗaya ja ba. To wa ya sauka a hanya?

Bari in ba ki wani labari, ki yi haƙuri da tsawonsa. Shekarata ta huɗu a aiki, aka kawo wata na'ura da za a kai wata ƙaramar hukuma a arewa. Littafin gwajinta yana da layi ɗari biyu da wani abu. Layi ɗaya ya ce a cika ta da kira gaba ɗaya a ga ko za ta ɗauka. Wannan layin kwana biyu yake ci, motar ɗaukar kaya kuwa tana bakin ƙofa. Manajanmu bai ce in yi ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ya dai zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Pyo, ƙauyawa ne fa, yaushe za su ɗaga waya gaba ɗaya?" Sai na naɗe kusurwar shafin, na ce zan dawo kansa. Ban buga ja ba, ban buga shuɗi ba. Na naɗe kawai.

Safiyar Sabuwar Shekara, duk wanda bai samu zuwa gida ba ya ɗaga waya zai gai da iyayensa. Na'urar ta mutu tun kafin a gama miya. Tsofaffi suka yini a gaban tarho cikin kayan biki, suna cewa yaran zamani sun manta da su. Ba wanda ya gano ni ne, don a takarda ban buga komai ba. Ni na kai kaina. Manajan ya dube ni ya ce wa ya tambaye ka.

Ban san ko na'urarku tana da kusurwar naɗewa ba. In tana da ita, ina so in san sunan wa ke ƙarƙashi. Ina jin na sani, amma mai gwaji ba ya rubuta abin da yake ji.

Ki gai da mutanen ofis.
Mahaifinki

*

Pangyo, 12 ga Afrilu

Appa,

Ina gaisuwa. Na jinkirta amsa don na rasa ta inda zan fara.

Tana da kusurwar. Kalma ɗaya ce ake rubutawa a saman tambaya, "tsallake", sai kwamfuta ta wuce ta kamar ba ta nan, fitila ta ci gaba da kore. Ni na rubuta ta. Sunan uwata Omma ne a ƙarƙashi.

Omma ta rasu ran sha bakwai ga wata na huɗu na ƙari, a shekarar da wata na huɗu ya zo sau biyu. Kai ka rubuta cewa jesarta bana ashirin da huɗu ga Mayu ce. Manhajar ta nemi wata na huɗu na ƙari ta rasa, ta yi ta gaba tana nema, ta ce mini jesa ta gaba sai nan da shekara talatin da huɗu.

Abin da ya same ni bara ke nan, Appa. Na sa ranar a kalandar wayata yadda take, wayar ta yi shiru, ni kuma ina ta aiki. Sai da Imo ta kira ta zage ni. Na bar ka kana zaton aiki na fifita, don hakan ya fi mini sauƙin faɗa a kan in ce na damƙa uwata ga waya. Wannan ne ya sa na roƙi a ba ni wannan aikin.

Kwana huɗu ina shigowa ofis in tarar da sunanta da ja a babban allo, kowa na gani. Tak ya ce, "Uku cikin ɗari ne fa ke mutuwa a watan ƙari. A saki, mu gyara a Yuni." Shugaba Byeon ya ce Ranar Iyaye ba ta matsawa don kowa, kuma in na ɓata masa ita zai san bai iya zaɓen shugabar rukuni ba. Sai na rubuta kalmar.

Ko da zan cire ta, akwai matsala. Na tambayi gidaje shida masu mamaci a watan ƙari, na samu amsa iri uku. Gwaji ba ya rubutuwa sai an san amsar da ta dace. Mece ce amsar, Appa?

'Yarka, Narae

*

Uiseong, 19 ga Afrilu

Narae-ya,

Gaisuwa, da fatan kin samu barci. Maganar bara ta ƙare daga yau. Mahaifiyarki da kanta sau biyu tana manta ranar haihuwata, ta ce kalanda ce ba ta da tarbiyya. Shekara talatin da huɗu kuwa, da ta ji an ce za ta jira abinci haka, da ta zo ofishinku da ludayi.

Na ɗauki tambayarki da muhimmanci, na fita neman amsa kamar yadda ake aiki. Na fara da zauren tsofaffi na unguwa. Na tarar da Dattijo Ma, wanda ya haddace ladubban jesa fiye da sunayen jikokinsa. Ya ce ai sai wata na huɗu na asali, haka aka gada, haka nake yi, daidai ne. Kafin in ji daɗi, tsohuwa mai sayar da man riɗi ta ajiye katin wasanta ta ce, "Kai dai Ma, baki gare ka. A wata na huɗu na asali matar nan tana raye, ni na sayar mata da mai. Za ka shimfiɗa wa mai rai teburin matattu? Gidanmu wata na biyar muke yi." Ya ce mata gidanku ai ko miya a hagu kuke ajiyewa. Na bar su suna yi.

Daga nan na hau bas zuwa gidan Imonki. Kin san shekara huɗu ke nan tana zuwa tebur a ranar da nake yin jesa, ta ci, sannan ran takwas ga Yuni ta hau dutse ita kaɗai zuwa kabarin. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Wannan karon na tambaya.

Ta ce, "Baban Narae, sai yau bakinka ya buɗe? Takwas ga Yuni ƙanwata ta tafi. Ina riƙe da hannunta, ga kalandar asibiti a bango, lamba takwas ƙatuwa. Ni wannan na gani. Wata na huɗu ya zo sau biyu ko sau goma, ku ta shafa, masu littafi."

Na ce ai al'ada ta ce kaza.

Ta ce, "Al'adar gidan Pyo. Ita 'yar gidan Eom ce kafin ka same ta, kuma da arha ka same ta."

Ban yi musu ba, gaskiya ce. Ta zuba mini shinkafa ta ce in ci in daina kallon ta kamar na zo bincike.

A bas ɗin dawowa na yi ta juya abin. Na rubuta miki ashirin da huɗu ga Mayu kamar ita ce amsa, alhali amsar gidana ce kawai. Da kin bi ni kin gyara manhajar ta dace da ni, fitila za ta yi kore, ki kuma shiga gidan mai man riɗi da gidan Imonki ki canza musu rana ba tare da sallama ba. Wannan kuskurena ne, ki buga mini ja.

Ga abin da nake gani, ke ce mai hatimi. Idan aka shigar da mamacin watan ƙari, kada manhajar ta yi shiru, kada kuma ta zaɓa. Ta tsaya ta tambayi mai gidan, wace rana ku kuke yi? Abin da za ki gwada ke nan, ko ta tambaya.

Game da kujerarki a ofis ba zan ce ki yi kaza ba. Ni na ci abinci shekara ashirin da bakwai bayan na kai kaina, amma zamanin ya bambanta, kuma ba ni ke biyan hayar ɗakinki ba.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki

*

Pangyo, 2 ga Mayu

Appa,

Ina gaisuwa da girmamawa. A gai da Imo, a ce mata na ji saƙon arha.

Ranar Litinin da safe na goge kalmar. Fitila ta yi ja, ƙofa ta kulle, aikin mutum goma sha ɗaya ya tsaya cak, saura kwana tara. Na sake rubuta tambayar Omma yadda ka ce.

Sannan na ƙara wani abu nawa. Na ga cewa jerinka mutum arba'in da uku ne kawai, kuma sa'a ce ta sa Omma na ciki. Sai na sa kwamfuta ta ƙirƙiro mamata da kanta, ɗaya a kowace rana ta kowane wata, ta bi su shekara ɗari gaba da doka guda, kada shekara ta wuce wani bai samu ranarsa ba. Minti biyu ta yi ta fito da wata ɓarakar da ba wanda ya taɓa tunaninta. Duk wanda ya rasu ran talatin ga wata, in watan ya zo da kwana ashirin da tara a wata shekara, manhajar tsallake shi take yi, ba ko gargaɗi.

Tak ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "'Yar sanda, yanzu har fatalwa kike ɗauka aiki?" Sai ya jawo kujerarsa kusa da tawa.

Shugaba Byeon ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Ke kika kulle, ko na'ura?"

Na ce ni na gaya wa na'ura ta kulle.

Ya ce, "Kina da mabuɗi?"

Na ce ina da shi, kalma ɗaya ce, amma ba zan rubuta ta ba. In shi zai rubuta, ga kwamfuta, sunansa zai fito a gefenta.

Ya kalli kwamfutar, bai taɓa ta ba. Ya ce kwana nawa. Na ce sha huɗu a kan ranar da aka sa. Ya ce to Ranar Iyaye ta tafi ke nan, kuma takardar da zai kai sama sunana ne zai hau kanta. Na ce a kawo in sa hannu. Aka kawo, na sa.

Ashirin da biyu ga Mayu za a sake ta. Maganar kujerata sai bayan nan za su zauna. Na karɓi hutun ashirin da huɗu, na sayi tikitin jirgin ƙasa, na kuma rubuta ranar a bayan hannuna da biro.

'Yarka, Narae

*

Uiseong, 23 ga Mayu

Narae-ya,

Gaisuwa. Wannan ba za ta bi ta gidan waya ba, a kan matashinki zan ajiye ta ki tarar gobe, don akwai abin da bakina ba ya iyawa.

Yau a zauren tsofaffi surukar Dattijo Ma ta buɗe masa shafinku ta shigar da yayansa, wanda ya rasu a watan ƙari. Abin ya tsaya, ya ce, wace rana gidanku ke yi? Ma ya cire tabarau ya mayar. Ya ce shekararsa tamanin da ɗaya, hukuma ta ba shi umarni, likita ya ba shi umarni, 'ya'yansa ma haka, yau ga wani abu ya tambaye shi. Ya ce wa ya koya masa ladabi?

Na miƙe, da gwiwar da komai, na ce 'yata ce.

Ba ki gaya mini abin da suka yanke a kan kujerar ba, ni ma ba zan tambaya ba sai kin ci kin ƙoshi. Imonki na nan tun rana tana soya kifi tana zagin tukwanena. Ta ce ran takwas ga Yuni mu uku za mu hau dutsen, na ce to.

Mahaifinki, Pyo Man-sik